Akira Toriyama: Hannun da Ya Haifi Goku

Mujallar Weekly Shonen Jump da ake bugawa a Tokiyo kowane mako take fitowa, kuma ba ta jiran kowa. Duk mai zanen da ya samu gurbi a cikinta dole ya miƙa shafukansa a kan kari, ko da zazzaɓi ya kwana. A wannan turken Akira Toriyama ya yi shekara 15, daga 1980 zuwa 1995, ya fitar da Dr. Slump, ya bi shi da Dragon Ball. Yara da yawa da ke zana Goku, jarumin Dragon Ball, a bayan littafin lissafi ba su san sunansa ba, amma layin da suke kwaikwaya nasa ne.

Sana'ar zanen manga, wato labarin da ake bayarwa da zane a Jafan, aiki ne na zama da ciwon baya. Da farko mai zane yakan tsara babin mako da fensir a gurguje: ya raba shafi gida-gida, ya nuna wa ke tsaye a ina, wa ke magana, me zai faɗa. Edita ya duba, ya ce wannan ya yi, wancan a sake. Sai a yi zanen fensir na sosai, a bi shi da alƙalamin ƙarfe da ake tsomawa cikin tawada, a goge fensirin, a cike wuraren baƙi, a liƙa wata takarda mai ɗigo-ɗigo inda ake son inuwa. Babin Dragon Ball kimanin shafi 15 ne, kuma Toriyama ya yi babi 519, waɗanda aka tattara a littafi 42. Wasu manyan masu zane suna da mataimaka cike da ɗaki. Shi galibi mataimaki ɗaya yake riƙewa, kuma bai koma Tokiyo ba, yana can jiharsu ta Aichi yana aiko da aiki.

A can aka haife shi ranar 5 ga Afrilu, 1955. Tun yana ƙarami dabbobi da motoci yake zanawa. Abu biyu suka kama shi a yarinta. Ɗaya shi ne Astro Boy na Osamu Tezuka, mutumin da kusan duk masu zanen manga na bayansa suka sha daga rijiyarsa. Ɗayan kuma fim ɗin katun na kamfanin Disney, One Hundred and One Dalmatians, na 1961. A fim ɗin an yi amfani da na'urar kwafi wajen ɗauko zanen masu zane kai tsaye, don haka sawun hannunsu ya fito a fili, mai kallo na iya ganin yadda aka ja layi. Yaron da ke da ido irin na Toriyama ba zai kalli wannan ya tashi a banza ba.

Da ya gama makarantar sakandare ta fasaha, sai ya kama aiki a wani kamfanin talla a Nagoya, yana zana fosta. Wajen shekara uku ya yi, ya ajiye, domin tashin asuba da dokar sutura ta ofis ba su karɓe shi ba. Masu ba da tarihinsa sukan wuce wannan zangon da sauri, ni kuwa a ganina nan ne ya samu rabin jarinsa. Mai zanen talla ba ya zaɓar abin da zai zana, duk hajar da aka kawo sai ya fito da ita yadda mai wucewa zai gane ta da kallo ɗaya. Dubi babura da jirage da motocin da ke cikin littattafansa. Kowanne yana da wurin zama, da birki, da inda hayaƙi ke fita, har mutum ya yarda cewa in aka ƙera shi zai tashi.

Neman kuɗin kashewa ya sa ya aika da zane gasar mujalla. Bai ci ba, amma wani matashin edita, Kazuhiko Torishima, ya lura da yadda yake rubuta ƙarar abubuwa a cikin zane, da tsabtar hannunsa, ya neme shi. Daga nan aka shiga horo mai tsanani. Torishima ya mayar masa da shafi kimanin 500 bai karɓa ba. Aikinsa na farko da aka buga, Wonder Island, a 1978, shi ya zo na ƙarshe a ƙuri'ar masu karatu. Wannan ƙuri'a ita ce alƙalin mujallar: masu karatu na aiko da kati suna faɗin labaran da suka fi so, wanda ya daɗe a ƙasa a yanke shi. Ba kowane mai hazaƙa ke jure irin wannan ba.

Dr. Slump ne ya buɗe masa ƙofa a 1980. Labarin barkwanci ne a wani ƙauye, inda wani mai ƙere-ƙere, Senbei, ya ƙera mutum-mutumi a siffar yarinya mai tabarau, Arale, mai ƙarfin da ya wuce misali. Toriyama ya so Senbei ya zama jigon labari, editan ya dage sai Arale, kuma masu karatu suka gaskata editan. A 1981 littafin ya ci lambar yabo ta Shogakukan, aka kuma mayar da shi katun na talabijin. Mugun da ke cikin labarin, Dr. Mashirito, fuskar Torishima aka ba shi.

Duk wanda ya taso a Kano ko Kaduna lokacin da finafinan Bruce Lee da Jackie Chan ke cika gidajen silima ya riga ya san ɗaya daga cikin malaman Toriyama. Toriyama ya kalli Enter the Dragon na 1973, ya kuma kalli Drunken Master na 1978 ba adadi, yana aiki talabijin na kunne. Editansa ya ce tunda haka yake son finafinan faɗa, ya gwada yin labarinsu. Sai ya ɗauko tsohon littafin ƙasar Sin na ƙarni na 16, Journey to the West, mai labarin Sarkin Birai da sandarsa mai miƙewa da gajimaren da yake hawa, ya gauraya shi da faɗan Jackie Chan mai haɗe da dariya. Dragon Ball ya fara fitowa a ƙarshen 1984. Bai taɓa ɓoye inda ya yi aro ba, kuma abin da ya fito daga hannunsa bai yi kama da ko ɗaya daga cikin masu ba shi aron ba.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne tattali. Mutumin da agogo ke bin sa kowane mako dole ya san abin da zai zubar. Gashin Goku baƙi ne, cike shi da tawada na cin lokacin mataimaki, sai ya sa in Goku ya rikiɗa ya ƙara ƙarfi gashin ya koma fari a takarda, ba sai an cike ba. Wannan dabarar rage aiki ita ce ta zama siffar da duniya ta fi sanin Goku da ita. Zana gine-gine na da wahala, sai ya riƙa kai mayaƙansa fili mai duwatsu. Takardar ɗigo-ɗigo ma bai cika amfani da ita ba, baƙi da fari sun ishe shi. Da ya ga gajerun hannuwan yaro ba sa ba shi damar nuna naushi yadda yake so, sai ya girmar da Goku, duk da fargabar editansa cewa masu karatu za su gudu. Ba su gudu ba. A shafinsa ido ba ya ɓata: ka san inda naushi ya taso, inda ya sauka, da inda wanda aka nausa ya faɗa, kuma gidan da ke biye yana nan daidai inda idonka zai je. Matasan da ke kwaikwayon tsinin gashi da kumburin damtse su bar wannan sun ɗauki ɓawo sun bar ƙwaya.

A 1995 mujallar Weekly Shonen Jump ta kai kwafi miliyan 6.53 a fitowa ɗaya, kuma a shekarar ya rufe Dragon Ball. Bai sake ɗaukar dogon labarin mako-mako ba. Ya ci gaba da zana jaruman wasan kwamfuta na Dragon Quest, aikin da ya fara tun 1986, ya kuma yi na Chrono Trigger. Ba ya son kyamara, in zai nuna kansa a littafi sai ya zana wani ɗan mutum-mutumi a madadinsa. Eiichiro Oda mai One Piece da Masashi Kishimoto mai Naruto duk sun ce shi ne gwaninsu. Faransa ta karrama shi a 2019. Ya rasu ranar 1 ga Maris, 2024, yana da shekara 68.

Aikinsa ba ya rasa tabo. Siffar Mr. Popo na cikin Dragon Ball, baƙi ƙirin da manyan leɓɓa, ta ɗauko tsohon zanen raini da aka daɗe ana yi wa baƙar fata, kuma ba na ganin dalilin kare ta. Haka nan a farkon Dragon Ball da cikin Dr. Slump akwai barkwancin batsa da bai dace da ƙananan yara ba, iyaye su duba kafin su miƙa.

Mai son koyon sana'ar ya nemi littattafan kansu, domin katun ɗin talabijin hannun wasu ne, kuma yakan ja faɗa ya yi tsawo. Ya fara da gasar faɗa ta farkon Dragon Ball, ya kalli Drunken Master a gefe, ya ga yadda motsin jiki ke komawa layi. Sannan ya nemi Sand Land na shekarar 2000, wanda na fi so a duk ayyukansa. Littafi ɗaya ne tak, babi 14. Ƙasa ce da yaƙi da fari suka mayar hamada, kogi ya ƙafe, sarki ya riƙe ruwan da ya rage yana sayar wa talakawa da tsada. Wani dattijon ɗan sanda, Rao, ya haɗa kai da wani yaron aljani, Beelzebub, da wani tsohon ɓarawo, suka sace tankar yaƙi suka tafi neman tafki. Toriyama ya ce tankar ta ba shi wahalar zane fiye da yadda ya zata, amma bai sauƙaƙa ta ba, ya bi ta shafi bayan shafi da sarƙarta da ƙusoshinta har ƙarshen littafin. An mayar da labarin fim a 2023.