Saɓar Tsutsar Ciki: Dalilin da Ya Sa Tumaki ke Ramewa da Faɗuwar Damina

Manomi ɗan'uwa, ka sha ganin tunkiya ta ƙetare rani lafiya, amma ruwa na sauka, ciyawa ta fito, sai ta fara ramewa, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura. A Gatawa da ƙauyukan Sabon Birni da Isa, wannan kukan muke sha duk shekara. Galibi aikin wata siririyar tsutsa ce mai shan jini, wadda likitocin dabbobi ke kira Haemonchus contortus. Tsutsa dubu kan zuƙe jini kusan mililita 50 a rana, kuma mace guda kan saki ƙwai 5,000 zuwa 10,000 kullum.

Wannan tsutsar ba ta girma sai ta yi saɓa kamar maciji, har sau huɗu. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kashin dabba, tsutsar ta yi saɓa biyu cikin kamar mako guda idan akwai danshi da ɗumi. A ta biyun ba ta yar da tsohuwar fatar, tana zama cikinta kamar riga don kada rana ta busar da ita. Sai ta bi raɓa ta hau ciyawa. Dabba na haɗiye ta, sai ta tuɓe rigar a tumbi, ta wuce ciki na huɗu, ta ƙara saɓa biyu. Cikin mako uku ta fara ƙwai.

To me ke ba ta umarnin saɓa? Sinadaran jiki ne da ake kira homon. A ƙwari sunansa ekdaison, shi ne kuma ruwan ƙwallon darbejiya ke rikitawa idan ka fesa wa wake. An gano irinsa a tsutsar da ke kawo tundurmi, inda yake taimaka wa saɓa da sakin 'ya'ya. Ita kuwa ta tumaki tana da nata homon da ke cewa ta ci gaba da girma ko ta dakata.

Dakatawar nan ce ke cin mu. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna tsutsotsin da dabba ta haɗiya a ƙarshen damina sukan tsaya kafin saɓar ƙarshe, su laɓe a bangon ciki duk rani. Gab da damina sai su farka kusan tare, su balaga, su cika makiyaya da ƙwai. Tunkiya mai jego ta fi shan wahala, don garkuwar jikinta kan yi rauni. Ga shi rashin tsaro ya sa dabbobi sun taru a fegi ɗaya bakin gari ko fadamar Rima, suna kiwo inda suke kashi.

Ga abin yi:

1. Ba da magani bayan kaka, lokacin da ciyawa ta bushe, don kashe masu laɓewa. Albendazole da ivermectin suna kama su. Kada a ba dabba albendazole a farkon cikinta.
2. Da damina, duba cikin fatar idon ƙasa duk mako biyu. Ja lafiya ce. Idan ta yi fari, jini ya ƙare, a yi magani nan take.
3. Auna magani da nauyin dabba. Rabin ƙwaya ba tsimi ba ne, tsutsa ce kake koya wa jure magani.
4. Bari raɓa ta bushe kafin fita kiwo, ka zuba harawa da dusa a kwami maimakon ƙasa, ka riƙa kwashe kashin turke.

Darbejiya kuwa ka bar ta ga wake, ba ta maye gurbin maganin dabba. 'Yan ƙungiya ku haɗa kuɗi ku sayi magani mai lambar NAFDAC, ku kira malamin dabbobi ya nuna muku awo kafin ruwan farko.