2.4 Matakan Mayar da Littattafai da Mujallu Zuwa Tsarin Kwamfuta

Wannan sashe zai yi bayani ne a kan yadda ɗakunan karatu ke mayar da littattafai da mujallu zuwa tsarin kwamfuta. Dalilan yin wannan aiki guda biyu ne. Na farko, yawancin takardar da aka riƙa yi daga itace tun tsakiyar ƙarni na 19 tana ɗauke da sinadarin asid, wanda ke sa ta rine, ta bushe, ta kakkarye. Na biyu kuwa shi ne ƙarancin wurin ajiya, matsalar da ta sa aka kafa JSTOR a Amurka a shekarar 1995, da tallafin Gidauniyar Mellon, domin adana tsofaffin mujallun ilmi.

Aikin yana bin matakai huɗu kamar haka:

1. Ɗaukar hoto: A nan ana ɗaukar hoton kowane shafi da sikana, galibi a kan ɗigo 300 zuwa 400 a kowane inci. Daga nan sai manhaja ta miƙe shafin da ya karkace, ta yanke gefensa.

2. Tantance tsarin shafi: Manhajar kan rarrabe kanun magana da sakin layi da hotuna da lambar shafi. Wannan mataki ya fi wuya a jaridu da mujallu, domin maƙala guda kan fara a wani shafi ta ƙare a wani.

3. Tantance haruffa: Wannan shi ne aikin da ake kira OCR, wato mayar da hoton harafi zuwa rubutun da kwamfuta za ta iya bincikawa.

4. Adanawa: Ana adana sakamakon ne bisa ƙa'idoji biyu. METS tana bayyana fasalin littafin gaba ɗaya, ALTO kuwa tana riƙe kowace kalma tare da matsayinta a shafi. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ne ya karɓi kula da ALTO a shekarar 2009. Manhajar docWorks ta kamfanin CCS da ke Hambug a Jamus tana cikin waɗanda aka gina a kan wannan tsari.

Abin lura a nan shi ne, mai karatu hoton shafin yake gani, amma kwamfuta rubutun da ke ɓoye a bayansa take bincikawa. Idan aka yi kuskure a mataki na uku, shafin zai fito sumul, amma kalmar da ake nema ba za ta bayyana ba. Wannan ya shafi rubutun Hausa kai tsaye, saboda haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Manhajar da aka horar da Turanci kaɗai za ta iya karanta ƙafa a matsayin kafa, ko ɓari a matsayin bari. Idan haka ta faru da jarida irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, mai nazari zai ɗauka cewa ba a taɓa amfani da kalmar ba, alhali tana nan.

A taƙaice, ingancin wannan aiki ya dogara ne ga horar da manhaja a kan harshen da aka rubuta littafin da shi, da kuma sanya masanin harshen ya bi sakamakon ya gyara kafin a miƙa shi ga masu karatu.