Sabon Birni da Isa: Waya na kai kukan talaka Abuja, amma wa ke amsawa?

A tsakiyar watan Agustan 2024 wani gajeren bidiyo ya fara yawo a WhatsApp da Facebook. A cikinsa an ga Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a ɗaure a hannun 'yan bindiga, yana roƙon gwamnatin Jihar Sakkwato ta kawo masa ɗauki kafin wa'adin da aka ɗibar masa ya cika. An sace shi ne tare da ɗansa a ƙarshen watan Yuli, yana hanyar komawa gida daga Sakkwato.

Cikin ƙanƙanin lokaci bidiyon ya karaɗe Arewa, ya tsallaka Maraɗi, ya isa wayoyin manya a Abuja. Bayan 'yan kwanaki sai ga labarin an kashe basaraken. Matasa suka fito zanga-zanga a Sabon Birni.

Miliyoyin mutane sun ji roƙonsa, jin kuma bai cece shi ba. Halin da mutanen ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa ke ciki ke nan da wayar salula: ta ɗaga muryarsu, amma ba ta ba su kujera a inda ake yanke hukunci a kansu ba.

Saƙon murya ya gajarta hanya

A da, ƙorafin ƙauye sai ya bi ta wurin mai unguwa, ya je ga dagaci, ya wuce ga hakimi, sannan ya isa sakatariyar ƙaramar hukuma, idan bai maƙale a hanya ba. Yau manomin da bai taɓa shiga ajin boko ba yana danna waya ya yi magana da Gobirancinsa, ya tura wa ɗan'uwansa da ke ci-rani a Legas ko zauren WhatsApp na 'yan garinsu. Daga nan saƙon kan faɗa hannun 'yan jarida.

Labarai da yawa na harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi noma ko girbi ta irin wannan hanya suke fitowa. Ɗan majalisar dokokin jiha daga Sabon Birni, Aminu Boza, ya sha bayyana wa kafafen yaɗa labarai cewa 'yan bindiga na karɓar haraji a yankin, har suna naɗa shugabanninsu a wasu ƙauyuka. Idan wakili ya yi irin wannan magana alhali murya da hotunan mutanen ƙauye suna yawo, musantawa kan yi wa hukuma wuya.

Lokacin da aka kashe sabis

A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su katse layuka a Jihar Zamfara. Kafin watan ya ƙare, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da irin wannan mataki a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa. Hujjar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu bayanai.

Mutanen da abin ya shafa sun wayi gari ne kawai suka ga waya ta zama hoto. Masu POS sun tsaya cak, kuɗin da 'yan ci-rani ke turo wa iyali ya yanke, wanda ya hango babura sun doso gari kuma ba shi da hanyar kiran jami'an tsaro. Mazauna bakin iyaka suka koma neman layukan Nijar, layukan da rahotanni suka ce su ma 'yan bindigar sun koma amfani da su.

A cikin wannan duhu ne aka kai hari kasuwar Unguwar Lalle a farkon Oktoba, sannan aka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo mai maƙwabtaka a tsakiyar watan. Bayan harin Goronyo, gwamnan da kansa ya nemi gwamnatin tarayya ta maido da sabis. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan darasi ne da aka biya da tsada.

Daga Gidan Bawa zuwa titunan birane

A farkon Disambar 2021 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja a kusa da Gidan Bawa, suka cinna mata wuta da mutane a ciki. 'Yan sanda sun ce mutum 23 ne suka mutu. Hotunan sun girgiza ƙasa, matasa suka ɗauki maudu'in #NorthIsBleeding a shafukan sada zumunta, aka fita zanga-zanga a Kano da Abuja da wasu biranen Arewa. An yi hakan ne alhali Twitter na rufe a Najeriya tun watan Yuni, rufewar da Kotun ECOWAS ta ce ta saɓa wa doka a hukuncinta na Yulin 2022.

Matsin ya sa shugabanni yin magana da aiko da tawagar ta'aziyya. Da hayaniyar ta lafa, hanyar Sabon Birni zuwa Isa ta ci gaba da zama abin tsoro.

Na'ura a rumfar zaɓe, mai zaɓe a gudun hijira

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba na'urar BVAS gindin zama, kuma shafin IReV na hukumar INEC ya ba kowa damar duba takardar sakamakon rumfarsa a waya. Ci gaba ne, duk da tangarɗar da aka samu wajen ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023. A Sakkwato, sai da aka sake komawa rumfuna a watan Afrilu kafin a kammala zaɓen kujerun sanatoci uku.

Sai dai BVAS na tantance wanda ya zo layi ne kawai. Dubban mutanen yankin suna gudun hijira a Jihar Maraɗi tun 2019, wasu a garuruwa irin su Garin Kaka da Chadakori. Wanda aka kora daga ƙauyensa ba shi da rumfa, kuma su ne waɗanda matakan gwamnati suka fi shafa.

Wayar ba ta talaka ce kaɗai ba

Bello Turji ma yana fitar da bidiyo, yana barazana, yana gindaya sharuɗɗa. Tsohon hoton hari kan dawo a matsayin sabo, ya tayar da gari. Mai magana kuma yana cikin haɗari biyu: ɗan bindiga na iya gane muryarsa, hukuma na iya jin haushinsa. A Nuwamban 2024 an gurfanar da wata matashiya 'yar shekara 18 daga Wurno bayan bidiyon da ta yi kan matsalar tsaro. 'Yan sanda sun ce tunzura jama'a ta yi, ƙungiyar Amnesty International ta ce sukar gwamnati ce ta jawo mata.

Ƙofar da ta rage a buɗe

Akwai inda waya za ta fi amfani fiye da kai kuka bayan an yi ɓarna. Ana wallafa kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya duk wata, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana bibiyar ayyukan mazaɓu da ke cikin kasafi. Ɗalibi ɗaya da ya iya karatu zai iya duba nawa aka turo wa Isa ko Sabon Birni, ya karanta shi da Hausa a saƙon murya, gari ya ji.

Nauyin da ke kan shugabannin ƙananan hukumomin biyu da wakilin mazaɓar Isa da Sabon Birni a Majalisar Wakilai shi ne su samar da lambar da aka sani, da mutumin da aikinsa amsa ƙorafi ne, da lokacin da za a ba da amsa. Haka kuma, kafin a sake ɗaukar mataki irin na rufe kasuwa ko katse layi, a fara jin ta bakin hakimai da 'yan kasuwa da matan da ke sansanonin gudun hijira. Lambobinsu suna cikin wayoyin da 'yan siyasa suka yi yaƙin neman zaɓe da su a 2023.