Ko Kun Sani?

Akwatin kallo ta intanet da aka rubuta wa 4K a kwali ba lallai ne ya nuna hoto mai wannan kyau ba. Hoton 4K ɗigo miliyan 8 da ɗoriya ne, ninki huɗu na 1080p, kuma kamfanin Netflix ya ce sai intanet ta kai gudun megabit 15 a daƙiƙa kafin ya fito sosai. Da ta yi rauni, akwatin zai rage ingancin da kansa, fuskoki su yi dishi-dishi. Ga kuma cin data: awa ɗaya kan lashe har gigabait 7.

Wani abin takaicin, akwatunan Android masu araha da ba su da shaidar tsaro ta Widevine L1 ba sa wuce 480p a Netflix, komai ƙarfin intanet. Masu saye da yawa talabijin suke ɗora wa laifi, alhali lafiyarsa lau.

Rimot ma da nasa sha'anin. Mai aiki da hasken infrared sai ya fuskanci akwatin kai tsaye, na Bluetooth kuwa sai an haɗa su tukuna. Akwai tsarin HDMI-CEC da ke ba rimot ɗaya damar sarrafa akwatin da talabijin, sai dai kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung na cewa Anynet+, LG SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Kafin a sayi sabon rimot, a leƙa saitin talabijin a kunna tsarin.