Daga Abare zuwa "gajimare": Masu gadin bayanan lafiya da abin da ke faruwa idan sabis ya ɗauke

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura cewa ƙananan yara na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Yaro zai fara da amai, ya shiga jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro amma a banza. Sai da aka auna jinin yaran aka gano gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinare da ake daka wa da niƙa wa a cikin gidaje. Abare na cikin ƙauyukan da aka fara aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a cikinsu, tare da Dareta da Sunke da Tungar Daji da Duza da 'Yargalma da Tungar Guru. Bagega ta jira har 2013. Yara sama da 400 suka rasu.

Waɗanda suka rayu kuwa, kowannensu ya fita da lamba: adadin dalmar da ke jininsa. Daga maki 45 zuwa sama ake ɗora yaro a kan maganin da ke fitar da gubar, kuma jinin yara da yawa ya zarce 65, wato iyakar abin da na'urar gwajin hannu ke iya karantawa. Wannan lamba ba ta tsufa da wuri. Dalma takan kwanta a ƙashi shekara da shekaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya komawa cikin jini lokacin da mace ke da juna biyu, ta kai ga abin da ke cikinta. Yarinyar da ke da shekara 3 a Abare a 2010 ta cika 18 a 2025. Ranar da za ta je awon ciki a Anka, ungozomar da ta san tarihinta da wadda ba ta sani ba, ba irin kulawa ɗaya za su ba ta ba.

Ke nan ana buƙatar bayanin da zai fi takarda daɗewa, ya fi wayar ma'aikaci daɗewa, ya ma fi shirin agajin da ya tattara shi daɗewa. A Najeriyar yau, irin waɗannan bayanai ƙara komawa suke yi kan kwamfutocin da ba a ƙauyen suke ba, ba ma a jihar ba. Rahoton wata-wata na asibitocin gwamnati, alal misali, daga rajistar takarda yake tashi, ya bi ta hannun jami'in ƙaramar hukuma, ya shiga manhajar DHIS2 wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ƙera ta. A can ƙarshen layin akwai wani ma'aikaci da mutanen Abare ba za su taɓa gani ba: mai kula da uwar garken da bayanan ke kwana a kanta.

Shagon haya a gidan wani

Abin da masana ke kira "gajimare" ba a sama yake ba. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, da na'urorin sanyaya ɗaki, da janareto, mallakin kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google. Kwamfuta ɗaya mai ƙarfi ake yanka wa gida-gida da manhaja, kowane yanki ya riƙa aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, a ba da shi haya ta awa. Wanda ya san yadda ake tsaga gini ɗaya a Kantin Kwari a fitar da shaguna goma ya fahimci maganar. Mai gini ke da alhakin rufi da wuta da maigadin ƙofa. Abin da ke cikin shago, da kwaɗon da aka sa masa, da wanda aka ba makulli, wannan ruwan ɗan haya ne.

Nan ne hukumomi da ƙungiyoyi da dama ke yin sakaci. Suna ɗauka tunda kayan na hannun babban kamfani, magana ta ƙare. Alhali mai kula da kwamfutar haya shi zai zaɓi girmanta, ya riƙa sabunta manhajarta don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, ya rufe duk wata ƙofar da ba a buƙata, ya kuma tantance wa ke da izinin karanta me. A yammacin Zamfara wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Jerin sunayen iyalai da wuraren gidajensu a ƙauyen da aka san ana haƙar zinare, idan ya faɗa hannun 'yan bindiga, ya tashi daga bayanin lafiya ya zama taswira. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman, amma doka ba ta kulle waya. Sai an saita wayar ma'aikaci ta yadda abin da ke cikinta ba zai karantu ba sai da lambar sirri, kuma a iya soke izininta daga nesa ranar da aka ƙwace ta a hanya.

Rumbu ɗaya ba ajiya ba ne

Manomin Gummi ya san dalilin da ba a tara amfanin shekara duka a wuri ɗaya. Masu gajimare ma sun koyi darasin da tsada. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka ɗauke, kuma wasu abokan cinikin sun rasa bayanansu har abada, domin kwafin da suke taƙama da shi a harabar da ta ƙone yake.

Tsohuwar ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari daban. Sai dai yin kwafi shi ne mai sauƙin. Abin da ke raba ƙwararre da ɗan koyo shi ne gwaji: a ware rana, a ɗauko kwafin jiya, a tayar da shi a kan sabuwar kwamfuta, a duba ko sunayen da lambobin sun dawo daidai, a kuma rubuta awa nawa aikin ya ci. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba kamar rumbu ne da ba a leƙa ba tun kaka, sai ranar yunwa a tarar gara ta riga kowa.

Akwai kuma batun daɗewa. Yawancin tsare-tsare an saita su ne su riƙa share tsofaffin kwafi bayan wata ɗaya ko uku don rage kuɗi. Wannan ya dace da shagon sayar da kaya. Bai dace da bayanin gubar da ke kwana a ƙashi shekara ashirin ba. Kamfanonin na da ma'ajiya mai arha ta dogon zango, wadda ɗauko abu daga cikinta kan ɗauki awanni, kuma irinta ce ta dace da tsofaffin bayanan asibiti. Amma sai wani ya zauna ya saita ta da gangan.

Kwana 87

Ranar 3 ga Satumba 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don bai wa sojoji damar farautar 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran jihar kuwa sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da dawo da shi. Sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna ma sun ɗanɗana.

A kwatanta wannan da alƙawarin da kamfanonin gajimare ke yi. Idan suka ce kayansu zai yi aiki kashi 99.9 cikin 100, ma'anarsa ɗaukewar da ba ta kai awa 9 ba a shekara guda. Ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun yi kusan kwana 87, sama da awa 2,000, a yanke. Duk tsawon lokacin, ko wace uwar garke ce ke jiran rahotonsu lafiyarta ƙalau, babu alƙawarin da aka saɓa, kuma babu ko harafi ɗaya da zai iya isa gare ta daga Abare ta layin waya.

Shi ya sa manhajar da aka gina don ofis a Legas ba ta yi wa karkarar Zamfara. Wadda za ta yi aiki a nan dole ta karɓi bayani ba tare da sabis ba, ta adana shi a cikin wayar, ta tura duk ranar da aka samu hanya. Manhajar DHIS2 ta wayar Android da ODK da KoboToolbox duk suna yin haka. Sai dai wannan na jawo wa mai kula da uwar garke nasa aikin. Ranar da sabis ya dawo, wayoyi da yawa za su juye aikin watanni a lokaci guda, kuma ƙaramar kwamfutar da ta saba da ɗigo-ɗigo tana iya shaƙewa. A nan ne haya ta fi mallaka amfani, domin cikin mintuna ana iya ƙara mata ƙarfi, a rage bayan ambaliyar ta wuce. Za kuma a tarar an yi wa yaro ɗaya rajista sau biyu a wayoyi biyu, ko an gyara bayani ɗaya a wurare biyu, sai an tsara tun farko wanne za a ɗauka. Rajistar takarda kuwa, duk mai cewa a jefar da ita bai zauna a Zamfara a 2021 ba.

Katsewar ba daga ƙauye kawai take zuwa ba. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Najeriya suka shiga rikici. Manyan cibiyoyin da Microsoft ya buɗe a 2019, da Amazon a 2020, da Google a 2024 a nahiyar nan duk a Afirka ta Kudu suke, don haka bayanin da ya tashi daga Anka zuwa can ko zuwa Turai sai ya bi ta teku. Wannan na cikin hujjojin masu cewa a riƙa ajiye aƙalla kwafi ɗaya a cikin gida, ko a cibiyoyin 'yan kasuwa da ke Legas, ko a na kamfanin gwamnati Galaxy Backbone da ke Abuja da Kano.

Allo kore, gari shiru

Kowane mai kula da gajimare yana da allon sa ido, da manhajoji irin su Zabbix ko Prometheus da Grafana. Suna nuna masa nauyin da ke kan kwamfuta, da sauran wurin da ya rage a ma'ajiya, da saurin amsawa. Idan ma'ajiya ta kusa cika, saƙo zai tashe shi ko da tsakar dare ne. Komai kore, sai ya koma barci.

Matsalar ita ce waɗannan ma'aunai lafiyar inji suke aunawa. Asibitin da ya daina aiko da rahoto ba ya ɗora wa inji nauyi, sauƙi ma yake kawo masa. A ganina, ga wuri irin Abare, ƙararrawar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta shiru: wace cibiya ce ta saba magana duk mako, yau kwana goma ba a ji ta ba? Ana iya saita wannan, kuma ba shi da tsada. Abin da yake buƙata shi ne injiniya da jami'in lafiya su zauna tare su amince kan tsawon shirun da ya kamata ya tayar da hankali, da wanda za a kira idan ya faru.

Akwai wani ɗan ƙaramin saiti a DHIS2 da ke nuna zurfin maganar. Idan ba a umarce ta ba, manhajar ba ta adana sifili, don kada ma'ajiya ta cika da shi. Sakamakon haka, gurbin asibitin da ya ce "babu yaron da ya zo da jijjiga a wannan wata" da na asibitin da ma'aikacinsa ya gudu saboda hari duk fayau za su fito, iri ɗaya. Wanda ya tuna cewa an yi ta binne yara a ƙauyukan nan kafin a gane abin da ke kashe su ba zai raina wannan bambanci ba.

Wa ke biya, wa ke riƙe da makulli

Manyan kamfanonin gajimare da dala suke lissafin farashinsu. A watan Mayun 2023 dala na kusan naira 460 a kasuwar gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Hukumar da ba ta ƙara ko kwamfuta ɗaya ba ta wayi gari kuɗin hayarta ya ninka uku. Tun daga nan duba takardar kuɗi ya zama rabin aikin mai kula da gajimare: kashe kwamfutocin gwaji da aka manta a kunne, rage wadda ta yi wa aikinta girma, da lura da kuɗin da ake caja idan an fitar da bayanai masu yawa daga cibiyar.

A farkon 2022 MSF ta miƙa shirinta na gubar dalma ga hukumomin Zamfara, bayan ta auna jinin yara sama da 8,000 cikin fiye da shekara goma. Haka kowane shirin agaji yake, yana da ranar ƙarewa. Motoci da firij da magunguna ana ƙirga su a rubuta a takardar miƙa aiki, kowa na ganinsu. Ga duk shirin da bayanansa ke gajimare, akwai abubuwan da ya kamata su shiga wannan takarda su ma: da sunan wa aka buɗe asusun, adireshin imel ɗin wa saƙon gargaɗi ke zuwa, wa ke riƙe da babbar lambar sirri, kuma daga wane layi na kasafin kuɗin jiha za a biya hayar watan gobe. Idan kuɗi ya daina shiga, kamfani zai aiko da gargaɗi, ya dakatar da asusun, bayan wa'adin da ke cikin yarjejeniya ya share abin da ke ciki. Gargaɗin kuwa zuwa zai yi ga adireshin da aka yi rajista da shi, ko da mai shi ya bar aikin shekara biyu da suka wuce.