Koyarwa a Koriya ta Kudu: Tantance Gaskiya daga Jita-jita

Labarin da ya fi yaɗuwa tsakanin matasa masu neman aiki a ƙetare game da Koriya ta Kudu shi ne cewa ƙasar tana ɗibar duk wanda ya iya Turanci ya koyar a makarantunta, ta ba shi gida kyauta da albashi mai tsoka, har ya dawo da dukiya bayan shekara guda. Haɗarin wannan labari shi ne akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, shi ya sa dillalan tafiye-tafiye marasa amana suke samun kasuwa da shi.

Batun cewa iya Turanci ya wadatar ƙarya ne. Bizar da ake ba masu koyar da magana da harsunan waje, wadda ake kira E-2, galibi an keɓe ta a ɓangaren Turanci ga 'yan ƙasashe bakwai, wato Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu, kuma ko su sai sun gabatar da digiri da takardar shaidar rashin aikata laifi, sannan a duba lafiyarsu bayan isowa. Saboda haka ɗan Najeriya ko Ghana, kome ƙwarewarsa, ba ya shiga ta wannan ƙofa da fasfon ƙasarsa, kuma wanda ya karɓi kuɗinsa da alkawarin samar masa ita yaudararsa yake yi. Ƙa'idar ta cancanci suka, domin tana auna malami da fasfonsa maimakon iliminsa, amma sukar ba ta soke ta ba. Ƙofar da ba ta tambayar ƙasar mutum ita ce bizar E-1 ta malaman jami'a, kuma abin lura ne cewa Jami'ar Hankuk, wadda ta ƙware a harsunan duniya, tana koyar da Hausa tare da Swahili da Zulu a sashenta na nazarin Afirka.

Maganar gida kuwa gaskiya ce, sai dai ana zuzuta ta. Shirin gwamnati mai suna EPIK, wanda aka fara a 1995 domin tura baƙin malamai makarantun gwamnati, yana ba da masauki ko kuɗin haya, haka ma yawancin hagwon, wato makarantun kuɗi da yara ke zuwa bayan an tashi daga makaranta. Masaukin dai galibi ɗaki ɗaya ne da ya haɗa wurin kwana da na girki, wanda ake ɗumama daɓensa daga ƙasa lokacin hunturu bisa tsarin da ake kira ondol, kuma malamin ne ke biyan kuɗin gas da lantarki. Albashin yakan kama daga kimanin won (kuɗin ƙasar) miliyan 2 zuwa miliyan 3 a wata, adadin da ke burge mai jin sa daga nesa, alhali bai kai matsakaicin albashin ma'aikacin kamfani a ƙasar ba, kuma ya daɗe bai motsa sosai ba yayin da farashin kaya ke hawa. Doka ta tanadi inshorar lafiya da ake raba kuɗinta tsakanin malami da makaranta, da kuɗin sallama kwatankwacin albashin wata ɗaya ga wanda ya cika shekara.

Abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa, kuma shi ne ƙashin bayan rayuwar baƙon malami, shi ne cewa bizarsa da gidansa da albashinsa duka suna hannun mai makaranta ɗaya. Idan ya so sauya wurin aiki kafin kwantiraginsa ya ƙare, a yawancin lokuta sai mai makarantar ya ba shi takardar saki, idan kuma aka kore shi, ya rasa aiki da matsuguni a lokaci guda. Wannan ne ya sa ake yawan jin ƙorafin korar malamai a wata na goma sha ɗaya domin a guje wa biyan kuɗin sallama. Koyar da yara a gidajensu a ɓoye, wanda ake cewa da shi ake tara kuɗi, saɓa wa sharaɗin biza ne da kan jawo tara ko kora daga ƙasar. Aikin hagwon kuma yakan fara da rana ya kai dare, domin a Seoul sai ƙarfe 10 na dare doka ta wajabta rufe su.

Cewa Musulmi ba zai iya rayuwa a can ba wuce gona da iri ne, domin babban masallacin Seoul da ke unguwar Itaewon yana nan tun 1976, kewaye da shagunan halal. Wahalar tana ga malamin da aka tura ƙaramin gari, inda naman alade ke shiga miya da romo, ga kuma hoesik, wato cin abincin dare na abokan aiki da ake haɗawa da giyar soju, wanda yawan ƙaurace masa kan nesanta mutum da jama'a. Zancen cewa kowa na cin naman kare ba shi da tushe a yau, kuma majalisar ƙasar ta zartar da dokar haramta cinikinsa a Janairun 2024.

Game da wariya, masu cewa babu ita da masu cewa ita ce kawai duk sun kauce. Baƙo kan yi tafiya da tsakar dare ba tare da fargabar ɓarayi ba, amma ƙasar ba ta da cikakkiyar dokar hana wariya, kuma baƙaƙen fata sun sha kokawa kan makarantun da ke neman hoto kafin su duba takardu. Gwajin ƙwayar cutar ƙanjamau da aka tilasta wa baƙin malamai, ban da takwarorinsu Koriyawa, bai gushe ba sai a 2017, bayan wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke a 2015 cewa wariyar launin fata ce. A birnin Daegu, wasu mazauna unguwa sun riƙa ajiye kawunan aladu a gaban masallacin da ɗalibai Musulmi ke ginawa, duk da cewa kotun ƙoli ta ba ɗaliban gaskiya a 2022.