Katin Tsohon Kanti da ke Ƙasan Adaka

Yau hirar tamu a kan wata 'yar takarda ce da wataƙila tana kwance a ƙasan adakar kakarki a nan Goron Dutse, tsakanin tsofaffin zannuwa: kati mai hoton kanti ko kasuwa, irin wanda ake aikawa ta gidan waya ba ambulan.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant sun kafa kantuna a wajen ganuwa, suna sayen gyaɗa da fata, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir. A zamanin ne aka riƙa ɗaukar hotunan kantuna da rumfunan Kurmi ana bugawa a kati. Da yawa daga cikin gine-ginen nan an rushe su, katin ne kaɗai shaidar kamanninsu. Shi ya sa yanzu akwai masu tara su, har ta intanet ake cinikinsu.

To yaya za ki gane shekarunsa? Juya bayansa ki duba kan sarki da hatimin gidan waya, sau da yawa kwanan wata na nan. In babu, sai ki koma kan hoton. In kin ga sunan UAC, bai riga 1929 ba, don a shekarar aka kafa kamfanin. In an rubuta farashi da fam da sule, kafin 1973 ne, lokacin da naira ta shigo. Motoci ma suna ba da labari: sai a 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama.

Abokan gabarsa gara ce da danshin damina, sai kuma yara, masu mayar da komai abin wasa. Don Allah, uwargida, kada ki kai shi a liƙe masa leda da na'urar zafi. Ana ganin gata ne, amma in an liƙe ba ya ɓantaruwa, darajarsa ta tafi kenan. Sa shi tsakanin fararen takardu biyu, ki ɗora can sama, nesa da jikin bango. In akwai tsohuwa a gidan, kai mata ta gani tun tana iya tuna kantin waye, ki rubuta abin da ta faɗa a wata takarda daban, ki haɗa su wuri guda.